Binciken Gwamnati da Ramukan Jifsum a Madawa, Buza da Keita: Abin da Aka Auna da Abin da Ya Rage

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi binciken ma'adinai da gwamnatin Nijar da abokan aikinta suka gudanar a ƙasar Adar tun daga shekarun 1960, ta kuma auna shi da halin da masu haƙar jifsum suke ciki a gundumomin Madawa, Buza da Keita na jihar Tawa. Hujjar da take kafawa ita ce: an yi aiki mai kyau wajen sanin dutsen da inda yake kwance, amma sauran sassa biyu na ilimin ma'adinai, wato gyaran ma'adinin bayan an fito da shi da kuma tsaron ran mai haƙa, an bar su a hannun matan ƙauye da ƴaƴansu. Maƙalar ta kawo darasin fosfat ɗin Tawa da tarihin hukumomin binciken tsaron ma'adinai na Amurka da Faransa, sannan ta nuna aikin da cibiyoyinmu za su iya farawa da kayan da ke hannunsu yau.

Gabatarwa



Idan aka ambaci ma'adinai a Nijar, hankalin kowa Arlit yake tafiya, ko zinariyar Samira da Jado, ko man Agadem. Haka kuɗin bincike ma yake tafiya, haka kuma ɗalibanmu na makarantun ma'adinai na EMIG a Yamai da EMAIR a Agadas suke zaɓen batun kundinsu. Ba na ganin laifinsu, domin can albashi yake. Sai dai akwai wani ma'adini da ba ya shiga labaran rediyo, alhali babu buhun siminti ko ɗaya da zai fita daga Malbaza ba tare da shi ba. Shi ne jifsum, wannan dutse mai sheƙi da ke ɓarewa falle-falle, mai taushin da farce ma yana iya karce shi. A Madawa, Buza da Keita ba injin ke fito da shi ba. Diga ce da dagi da shebur da hannu, kuma da yawa daga cikin hannuwan na mata ne da yara.

Binciken ma'adinai na gwamnati, a duk ƙasar da ta ɗauke shi da gaske, tambayoyi uku yake amsawa. Me ke cikin ƙasa, kuma nawa ne? Yaya za a gyara shi ya yi daraja? Yaya za a fito da shi ba tare da an binne mai fitowa da shi ba? Zan bi su da wannan tsari, amma ba zan ba su lokaci daidai ba, domin ba su samu kulawa daidai ba.

Abin da aka gano a ƙarƙashin Adar

Tun kafin a san wani abu wai shi ma'aikatar ma'adinai, maƙeran Adar sun san inda tama take a kan duwatsun nan, sun san wadda ke narkewa da wadda ba ta ba da ƙarfe. Nicole Echard, wadda ta daɗe tana bincike a Adar, ta ɗauki fim ɗin narkar tama tare da su a ƙarshen shekarun 1960, lokacin da sana'ar ta riga ta ja baya saboda ƙarfen da ake shigowa da shi. Na ambaci wannan ne don kada mu ɗauka cewa sanin ƙasa a wannan yanki ya fara da taswira.

Taswirar ta zo ne da Jacques Greigert, wanda a 1966 ya wallafa bayanin shimfiɗun duwatsun babban kwarin Iullemmeden a ƙarƙashin hukumar ma'adinai ta Nijar da hukumar binciken ƙasa ta Faransa, BRGM. A 1967 shi da Robert Pougnet suka fitar da bayanin duwatsun ƙasar baki ɗaya. A shekarun 1980 kuma Michel Hanon, da taimakon ƙasar Beljiyam, ya zana taswirorin Adar Dutsi daki-daki. A can ƙetaren iyaka, Cornelius Kogbe ya yi irin wannan aiki a kan yankin Sakkwato, wanda ci gaban kwarin nan ne ɗaya.

Abin da waɗannan ayyuka suka tabbatar shi ne, tsakanin shekaru kamar miliyan 70 zuwa miliyan 50 da suka wuce, teku ya sha shigowa wannan yanki yana janyewa. Kowace shigowa ta bar shimfiɗarta: yashi, yumɓu, dutsen farar ƙasa mai cike da ƙwaryar halittun ruwa. Shi ya sa yaro mai kiwo a gefen dutsen Keita zai tsinci katantanwar teku da ta zama dutse, a wurin da ke da nisan ɗaruruwan kilomita daga kowane teku. An raɗa wa shimfiɗun sunayen wuraren yankin: Alanbanya, Farin Dutsi, In Wagar, Garadawa, sannan a sama shimfiɗar Adar Dutsi mai tama, wadda ta zama hular da ke kare tuddai daga zaizayewa. A Sakkwato takwarorinsu su ne Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange da Kalambaina. Dutsen farar ƙasa da ake ƙonawa a Malbaza da wanda ake ƙonawa a Kalambaina ƴan gida ɗaya ne.

Jifsum yana zaune ne a cikin shimfiɗun yumɓu. Nan ne kuma wani abu yake da ya kamata duk mai tsara manufa ya fahimta, domin daga gare shi komai ya biyo. A ƙasashe irin su Faransa ko Sifen ko Iran, jifsum kan zo a shimfiɗa mai kaurin mitoci da yawa, ana fasa shi da nakiya a kwashe da katafila. Namu ba haka yake ba. Siraran jijiyoyi ne da faya-fayai da dunƙule-dunƙule da suka warwatsu a cikin yumɓu. Masana da dama suna ganin yawancinsa daga baya ya samu, lokacin da ruwa da iska suka ci wani ma'adini mai haɗa ƙarfe da farar wuta da ke cikin yumɓun, tsamin da ya fito ya haɗu da farar ƙasa, ya daskare a cikin tsagogi. Ma'adinin da ya zo a haka ba ya karɓar babban inji, domin injin zai kwaso yumɓu ninkin ba ninkin abin da ake nema. Ido da yatsa ne suka fi iya raba shi. Saboda haka haƙar hannu a wannan yanki ba wani mataki ne na wucin gadi da za a tsallake gobe ba. Yanayin dutsen ne ya tilasta ta, kuma muddin ana son jifsum ɗin Adar, mutane ne za su ci gaba da shiga rami.

Daga rami zuwa Malbaza

An kafa kamfanin siminti na Nijar, SNC, a farkon shekarun 1960, ya fara aiki a Malbaza a 1966 da ƙarfin kimanin tan 40,000 a shekara. Sabuwar masana'antar MCC ta Malbaza da ta fara aiki a 2018 an gina ta ne don tan 650,000. A watan Oktoba na 2018 aka aza harsashin masana'antar Dangote a Keita, ga kuma ta Badagishiri a gundumar Illela.

Aikin jifsum a siminti ƙarami ne a awo, babba ne a amfani. Bayan an ƙona farar ƙasa da yumɓu sun zama kilinka, ana niƙa kilinkar tare da jifsum kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari. In babu shi, siminti zai sandare cikin ƴan mintoci da zuba ruwa, kafin magini ya ɗora bulo. Lissafin mai sauƙi ne: masana'anta mai tan 650,000, idan tana aiki da cikakken ƙarfinta, tana buƙatar tan 20,000 zuwa sama da 30,000 na jifsum kowace shekara. Ku mayar da wannan zuwa tasa da kwando da buhu, ku ga yawan bayan da zai sunkuya.

Hanyar da kayan ke bi sananniya ce. Da rani, bayan an gama girbi, lokacin da samarin Adar suka tafi bida Abijan ko Legas ko Libiya, waɗanda suka rage a gida su ne ke hawa gefen dutse. A haƙa, a tsince, a kankare yumɓun da hannu ko da ɗan ƙarfe, a tara. Jaki ko amalanke ya kai bakin hanya. Dillali ya saya ya tara har ya cika mota, motar ta bi titin Madawa da Galmi ta sauke a masana'anta. A can akwai ɗakin gwaji, ana auna tsabtar kayan, ana sanin yawan yumɓun da ya biyo. A bakin rami kuwa babu sikeli balle gwaji. Mai haƙa tana sayar da abin da ba ta san nauyinsa ba ga wanda ya san farashin tan. Ba sai an zargi kowa da mugunta ba kafin a ga wanda zai cutu a irin wannan ciniki.

A nan tambaya ta biyu take shigowa, ta gyaran ma'adini. Jifsum mai tsabta kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa ruwa ne da ke ɗaure a cikin ƙwayarsa. Idan aka niƙa shi aka gasa a zafin digiri 120 zuwa 180, kashi uku cikin huɗu na ruwan zai fita, ya zama filasta, wadda ake yin ado da silin ɗin gidaje da ita, ake ɗaure karaya a asibiti, ake zuba allin makaranta. Idan zafin ya zarce, sai duk ruwan ya ƙone, garin ya ƙi kamawa yadda ake so. Iyakar sirrin ke nan, kuma ba ya buƙatar masana'anta ta biliyoyi. Yana buƙatar tanda da za a iya riƙe zafinta, da injin niƙa, da rariya, da wanda ya san abin da yake yi. Duk da haka, gidajen da ake ginawa a Yamai da Maraɗi da Sakkwato sun dogara sosai da filastar da ake shigowa da ita daga waje.

Akwai kuma noma. Jifsum yana ba ƙasa kalsiyam da farar wuta, yana gyara ƙasar da kanwa ta ɗaure, kuma manoman gyaɗa a Indiya da Amurka sun daɗe suna zuba shi lokacin fure don kwanson ya cika. A yankin da ke da kwarin Majiya da na Tarka, inda ake ban-ruwan albasa shekara da shekaru, gwajin wannan a gonakin cibiyar binciken noma ta INRAN abu ne da ya dace a ce yana cikin manyan ayyukan jihar.

Darasin fosfat ɗin Tawa

Kada a ce gwamnati ba ta taɓa gwada gyaran ma'adini a wannan jiha ba. Ta gwada, kuma akwai abin koyo a ciki. An gano fosfat a In Akker, arewa maso yamma da garin Tawa, a ƙarshen shekarun 1960. Daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa 1984 an riƙa tsinto dunƙulensa ana niƙawa a Tawa don a yi takin gida, aikin da ya kasance a hannun hukumar ma'adinai ta ONAREM. Binciken da cibiyoyin noma na INRAN da ICRISAT a Sadore da IFDC suka yi, wanda André Bationo ya yi fice a cikinsa, ya nuna cewa fosfat ɗin Tawa yana narkewa a ƙasar jigawa fiye da na yankin gandun W, kuma yana ƙara amfanin hatsi. Binciken ya kuma gano cewa yawan ƙarfen da ke cikinsa yana ɓata ƙoƙarin ƙara masa ƙarfi da ruwan asid.

Me ya hana shi karɓuwa? Daga cikin manyan dalilai akwai siffar kayan. Gari ne mai laushi ƙwarai, manomi na watsawa iska na kwashewa, yana shiga ido da hanci, kuma amfaninsa ba ya bayyana da sauri kamar na takin kanti. Ilimin dutse ya yi daidai, ilimin gona ya yi daidai, amma matakin da ke tsakani, na mayar da garin ƙwayoyin da hannu zai iya riƙewa, bai samu nasa bincike a kan lokaci ba. Duk wanda zai kafa tandar filasta a Madawa ko Buza ya fara da tambayar magini da malamin makaranta irin kayan da za su saya, kafin ya sayo inji.

Rami da ran mai haƙa

Yanzu na zo inda na fi so mu daɗe.

A 1999 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta wallafa wani bincike a kan aikin yara a ƙananan ma'adinai na Nijar, Peru da Filifin, wanda Norman Jennings ya tsara. Sashen Nijar, na Soumaïla Alfa, ya dubi wurare huɗu: kanwa a Birnin Gaure, gishiri a yankin Gaya, zinariya a Liptako, da jifsum a Madawa. Nijar ta amince da yarjejeniyar ƙungiyar mai lamba 182 kan munanan ayyukan yara a shekarar 2000. Tun 2009 kuma ma'aikatar ƙwadago ta Amurka ta sa jifsum ɗin Nijar a jerin kayan da ake samarwa da aikin yara, tare da zinariya da gishiri da kanwa. Wato matsalar a rubuce take fiye da shekara ashirin. Amma ku lura da waɗanda suka rubuta ta: hukumomin ƙwadago ne, kuma daga waje. Sun ƙirga yara, sun faɗi wahalarsu, sun yi abin da ya rataya a kansu. Abin da ba aikinsu ba ne shi ne su gaya mana kusurwar da ya kamata bangon rami ya kwanta a yumɓun Farin Dutsi. Wannan aikin injiniyoyin ma'adinai ne, kuma mu ne muke da su.

Mutane kan raina ramin jifsum saboda ba shi da zurfin rijiyar zinariya. Wannan raini shi ne haɗarin farko. Ƙasa mita ɗaya tsawo, ɗaya faɗi, ɗaya zurfi tana da nauyin tan ɗaya da rabi zuwa biyu. Ba sai ta rufe kai ba. Idan ta danne ƙirji, numfashi ya tsaya cikin mintoci, kuma mai sunkuye ko mai tsugune a rami ba ya buƙatar bango mai tsawo kafin ƙasa ta rufe shi. Dalilin ke nan da dokar Faransa ta wajabta tokare siririn rami da ya wuce zurfin mita 1.30, ta Amurka kuma ta sa iyakar a kusan mita ɗaya da rabi, tare da sharaɗin a janye ƙasar da aka fitar aƙalla santimita 60 daga baki. Waɗannan lambobi daga gawarwakin da aka ƙirga aka samo su.

Yumɓun Adar kuma yana da halinsa. Yana kumbura idan ya sha ruwa, yana tsagewa idan ya bushe. Da rani bangon rami zai tsaya ƙyam kamar an gina shi, mai haƙa ta saki jiki, alhali a bayan bangon akwai tsaga da ta sauka daga sama. Ga shi jijiyar jifsum ba ta tafiya ƙasa kai tsaye, a kwance take bin shimfiɗa. Mai haƙa za ta bi ta, tana rarake ƙarƙashin bango, har ta samu kanta a cikin ɗan kogo da tan-tan na ƙasa a bisa kanta ba tare da ginshiƙi ba. Inda jijiyar ta fi kauri, nan ne kwaɗayin shiga ya fi ƙarfi, nan ne kuma haɗarin ya fi girma. Ruwan farko na damina, ko tarin ƙasar da aka zuba a baki, ko jakin da aka ɗaure a sama, kowanne ya isa ya kammala abin da tsagar ta fara.

Sai ƙura. Ƙurar jifsum ita kaɗai tana sa tari da ƙaiƙayin ido da bushewar fata, amma ba ita ce mai cin huhu ba. Mai cin huhu ita ce ƙurar silika da ke fitowa daga yashi da wasu duwatsu, wadda ke taruwa shekara da shekaru har huhu ya ƙage, kuma tana buɗe ƙofa ga tarin fuka. Masu fasa dutse da tsakuwa a gefen garuruwanmu sun fi masu jifsum fuskantar wannan. Tambayar da awo kaɗai zai amsa ita ce yawan silikar da ke cikin ƙurar kowane wurin haƙa, kuma ana yin wannan awo da ƴar na'urar da ake rataya wa ma'aikaci.

Akwai lalurorin da ba sa kashewa nan take: ɗaukar kaya mai nauyi a kan yarinyar da ƙashinta bai gama ƙwari ba, zafin Afrilu a gefen dutse inda babu inuwa kuma ruwa yana da nisa, kunama da maciji a cikin tsagogi, yankan faifan jifsum a tafin hannu, da makarantar da ake bari. Akwai kuma ramin da aka gama da shi aka tafi. Da damina ya cika da ruwa ya zama tarko ga yara da dabbobi, ko ya zama bakin sabon kwazazzabo. Wannan na ƙarshe ya kamata ya dame mu musamman a Keita. Tun 1984 aikin raya karkara na Keita, da kuɗin Italiya da taimakon FAO da hukumar abinci ta duniya, ya sa dubban mutane, yawancinsu mata, suka jera duwatsu, suka haƙa ramukan tare ruwa, suka dasa itatuwa a kan waɗannan gangare. Zai zama abin baƙin ciki a ce matan da suka ɗinke gangaren su ne talauci zai sa su sake farke shi, don kawai ba a nuna musu yadda ake mayar da ƙasa a rami ba.

Mun ga abin da ke faruwa idan aka jira. A ranar 7 ga Nuwamba 2021 rijiyoyin zinariya suka rufta a yankin Ɗan Isa na jihar Maraɗi, ƙididdigar farko ta ce mutum 18 sun rasu, daga baya adadin ya ƙaru. A Zamfara, a 2010, gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Waɗannan sun shiga labarai saboda yawan da suka tafi a lokaci guda. Ramin jifsum ɗaya-ɗaya yake ɗauka. A yi jana'iza, a ce kwana ya ƙare, kuma gaskiya ne kwana ya ƙare, amma addininmu bai hana a tambayi abin da ya kayar da bangon ba.

Yadda wasu suka fara

A watan Maris 1906 fashewa a ma'adinin kwal na Courrières a Faransa ta kashe mutum 1,099. Shekara guda bayan haka aka buɗe tashar gwaji a Liévin a ƙarƙashin Jacques Taffanel don nazarin ƙurar kwal. A Disamba 1907 irin wannan ta faru a Monongah ta Amurka, inda hukuma ta ƙirga mutum 362. A 1910 majalisar Amurka ta kafa Hukumar Ma'adinai, da Joseph Holmes a matsayin shugabanta na farko. Hukumar ta haƙa nata ramin gwaji a Bruceton kusa da Pittsburgh, ta nuna wa masu shakka da idonsu cewa ƙurar kwal kaɗai tana fashewa, ta kuma yaɗa dabarar watsa garin dutse don kashe wutar. Ta yi aiki a kan gyaran ma'adinai ma, har aka rufe ta a 1996 aka mayar da binciken tsaro ga cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta NIOSH. Afirka ta Kudu kuwa, bayan rahoton kwamitin Leon, ta yi dokar lafiya da tsaron ma'adinai ta 1996, kuma kamfanoni ne ke biyan harajin da ake gudanar da binciken tsaro da shi.

Ba girman waɗannan hukumomi nake so mu kwaikwaya ba. Abu biyu nake so mu ɗauka: sun fara da ƙirga haɗurra da rubuta sanadinsu, kuma sun yi gwajinsu a irin ƙasar da ma'aikatansu ke shiga.

Aikin da ake iya farawa

Cibiyoyin suna nan. Bayan ONAREM, a 2007 aka kafa SOPAMIN don riƙe hannun jarin ƙasa, CRGM kuma ta ɗauki binciken ƙasa da ma'adinai. Akwai hukumar ma'adinai ta jiha a Tawa, akwai Jami'ar Djibo Hamani, akwai EMIG da EMAIR da INRAN. Dokar ma'adinai ta 1993, da gyaranta na 2006, da sabuwar doka ta 5 ga Yuli 2022, duk sun san da haƙar hannu.

Abu na farko shi ne rajista. Kowace ƙaramar hukuma da ake haƙa a cikinta, a gundumomin nan uku, ta riƙe littafi guda: ranar haɗari, wuri, zurfin rami, irin ƙasa, wata, shekarun wanda abin ya shafa, ko an rarake ƙarƙashin bango. A ƙara layi ɗaya a takardar gidajen likita da ke tambayar sana'ar mai rauni ko mai tari. Sai dai rajistar za ta mutu a ranar da aka yi amfani da ita wajen kama mutane ko rufe wurin cin abincinsu. Dole hakimai da masu gari su ji daga bakin hukuma cewa littafin na koyo ne, in ba haka ba za a riƙa ɓoye gawa, mu kuma mu zauna da shafuka farare muna cewa lafiya lau.

Na biyu, ramukan gwaji. A zaɓi wuri ɗaya a kowace gunduma, ɗalibai da malamansu su haƙa ramuka masu bango iri-iri, tsaye da kwantacce da mai matakala, a bar su su sha rani da damina, a riƙa auna tsagoginsu. A yi wannan tare da tsofaffin masu haƙa da maginan rijiya, domin sun san launin yumɓun da ke cin amana, sun san ƙarar da bango ke yi kafin ya sauka. Sakamakon ya fito da Hausa da Tamajak, a awon da ake amfani da shi a wurin, gaba da kamu da taki, a karanta shi a gidajen rediyon karkara.

Na uku, sikeli da gwajin tsabta a wuraren tara kaya, da tanda ɗaya ta gwaji. Idan mace ta san cewa jifsum ɗin da ta wanke ta tsince ya fi kuɗi, kuma aka biya ta bambancin, za ta samu abin da take samu yau da kayan da bai kai na yau yawa ba. A ganina wannan ce hanya mafi gaskiya ta fitar da yaro daga rami, domin uwarsa ba don ƙeta ta kai shi ba, don cika tasa ta kai shi.

Kuɗin fa? Gyaran doka na 2006 ya ware kashi 15 cikin ɗari na kuɗaɗen shigar ma'adinai ga ƙananan hukumomin yankin da ake haƙa. Masana'antun siminti kuma suna da ɗakunan gwaji da ma'aikatan da suka iya auna jifsum, kuma su ne za su fara cin ribar kaya mai tsabta. Ina ba da shawarar CRGM da Jami'ar Djibo Hamani su zauna da su da shugabannin ƙananan hukumomin Madawa, Buza da Keita su sa hannu a kan yarjejeniyar shekara uku, wadda za ta ɗora ɗan ƙaramin kaso a kan kowane tan da aka sauke a masana'anta, a fara da rajistar a ranin da ke tafe, kafin mata su koma gefen dutse bayan girbi.